Talata da Mai Farin Tabarau

Shekara goma sha ɗaya Sista Balki ta yi tana riƙe da wani ƙaramin asibitin unguwa a can ƙasan Kurmin Mashi, wanda mutane ke kira Gindin Mangwaro saboda bishiyar da mata ke zama a ƙarƙashinta su jira layi. Ɗaki huɗu ne da baranda. Ana awon ciki, ana karɓar haihuwa idan ta zo da sauƙi, ana duba yara, kuma duk ranar Talata ana yi wa jarirai allurar riga-kafi. Balki mace ce mai zafin nama. Kafin mai shara ya iso ta riga ta buɗe tagogi, ta duba sanyin firjin magani, ta gyara zaman farin tabarau a kan hancinta, ta buɗe rajista.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Mata kan kawo jarirai allurar farko, yawancinsu su dawo ta biyu, amma in an zo ta uku sai a nemi wasu a rasa. A cikin kowace goma, kusan huɗu ba sa dawowa. Kuma kowa ya san dalili, ko dai kowa na ganin ya sani: maza ne ke hanawa. Haka Nafisat, abokiyar aikinta, take faɗa, haka kuma ake maimaitawa a taron wata-wata na ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Don haka aka bi ta kan maza. An roƙi limamai sun yi magana a masallaci, mai unguwa ya tara magidanta har sau biyu a ƙofar gidansa. Mazan suka saurara, suka ce su dai ba su hana kowa ba, aka yi addu'a aka watse. Rajista ta ci gaba da nuna abin da ta saba nunawa.

Mijinta, Malam Sanda, watansa takwas ke nan da yin ritaya. Shekara talatin da biyu ya yi a ofishin ƙididdiga, yana tsara tambayoyin bincike, yana tura ma'aikata unguwanni da ƙauyuka su ji ta bakin jama'a. Zaman gida bai karɓe shi ba. Yara duk sun tashi, ƙaraminsu Anas yana karatu a Zariya. Ya gyara duk wani famfo da ke gidan har da wanda lafiyarsa ƙalau, ya sake jera littattafansa sau biyu, ya fara leƙa kicin yana ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Wata Talata bayan la'asar Balki ta dawo a gajiye, ta cire takalmi ta zube a kan tabarmar baranda. Ta ce jarirai goma sha bakwai take jira yau, tara aka kawo. Mazan unguwar nan, in ji ta, sai dai addu'a.

Malam Sanda ya ajiye rediyon da ke hannunsa.

"Maman Anas, wa ya gaya miki maza ne?"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ai wannan kowa ya sani.

"Na ji kowa ya sani. An tambayi matan?"

Ta ce da bakinta take tambayarsu. Duk wadda ta tsallake mako ta zo a makare sai ta ji dalili, kuma amsar ɗaya ce: maigida ne bai ba da izini ba. Ya tambaye ta a ina take yi musu tambayar. Ta ce a kan teburinta mana, ina kuma. Wato cikin fararen kaya, in ji shi, biro a hannu, ga layin mata a baya kowa ta kasa kunne. Ya ce a aikinsu sun sha ganin haka, masu binciken halayyar jama'a ma sun daɗe da rubuta shi: idan wanda ke sama da mutum ya tsare shi da tambaya a gaban jama'a, amsar da za ta kashe maganar da wuri yake bayarwa, kuma babu amsar da ta kai "maigida ne" saurin kashe magana, tunda maigidan ba ya wurin. Ban da haka ma, waɗanda take tambaya ai waɗanda suka dawo ne. Waɗanda suka tafi ba su waiwayo ba, ba ta taɓa jin ta bakinsu ba ko sau ɗaya.

Maganar ta shigi Balki, amma ba ta so ya gane. Ta miƙe tana cewa tunda shi ke da lokaci har yana neman inda zai kai, sai ya je ya tambayo su. Da wasa ta faɗa. Washegari kafin ta gama shiri ya riga ya fito da sabon littafin rubutu da biro biyu, ya ja kujera bakin tebur.

Ta gindaya masa sharaɗi. Ba za ta ba shi sunan kowa ba sai ta nemi izinin ofishin lafiya, kuma sai an sanar da mai unguwa. Ya ce haka ya dace, ya ƙara da cewa ko an ba da izinin ba za a rubuta sunan mace ko ɗaya a takardarsa ba, lamba kawai. Mako biyu aka yi kafin izinin ya fito. Suka zauna da rajista suka fitar da duk matan da suka daina zuwa a cikin shekarar, suka kai ɗari da ɗoriya. Arba'in yake so. Balki ta ce ta san masu taurin kan a cikinsu, bari ta zaɓo masa. Ya ƙi. Ya ce in ta zaɓa, abin da ke ranta zai ji, ba abin da ke unguwa ba. Ya yayyanka takarda ƙanana, ya rubuta lambobi, ya zuba a cikin hularsa ya girgiza, ya sa ta rufe ido ta riƙa ɗebowa har arba'in suka cika. Tana ɗebowa tana cewa shekara talatin ke nan ashe wannan aikin gwamnati take biyansa.

Sai maganar wanda zai shiga gidajen. Shi dai namiji ne, iyakarsa zaure. Nafisat ta ce za ta je, ya ce duk wanda aka taɓa gani a asibitin bai yi ba. Nan ya tuna da yayarsa, Yaya Mero, wadda ke zaune a Doka tun rasuwar mijinta. Turaren wuta da humra take haɗawa, kuma da ƙafarta take kai wa mata har ɗaki, saboda haka babu layin da ba ta sani ba daga Doka zuwa Kurmin Mashi. Bokonta bai yi nisa ba, amma ba ta mantuwa, kuma mata ba sa jin nauyin magana a gabanta.

Koyarwar ce ta so ta zama rigima. Tambaya uku kawai ya tsara: yaya aka yi ran da kika kai yaro allura, me ya faru ran da ya kamata ki koma, me kuma zai sa komawar ta yi miki sauƙi. Ya ce ta fara gaya wa kowace mace abin da ya kawo ta, ta nemi yardarta kafin ta ɗauki murya a waya, wadda kuma ba ta yarda ba, a ƙyale ta. Ya sa ta gwada a kan Balki. Yaya Mero ta gyara zama ta ce, to, 'yar nan, mijinki ne ya hana ki ko? Malam Sanda ya dafe kai. Ya ce ta riga ta sa mata amsa a baki. Aka sake, ta yi tambayar daidai, amma kafin Balki ta buɗe baki ta fara kawo mata labarin wata maƙwabciyarta. Ya ce a nan ma an sami matsala: in ta yi tambaya ta ja bakinta ta yi shiru, ko shirun ya yi tsawo.

"Sanda, ni na goya ka," in ji Yaya Mero. "Yau kai za ka koya mini hira da mata?"

Ya ba ta haƙuri, ya ce hira kam ba wanda zai koya mata, shirun ne kawai yake roƙo. Ta ce ta ji, Allah ya ba ta ikon yi.

Mako uku ta yi tana zagaye. Takan fita bayan azahar da jakar turarenta, ta dawo kafin magariba, su zauna da ƙanenta a baranda yana saurare yana jan layi a littafi. A cikin arba'in ɗin, huɗu sun tashi daga unguwar, biyu sun ce ba sa son magana, talatin da huɗu suka yi bayani. Malam Sanda ya ce ba zai faɗi komai ba sai an kammala. Amma Balki ta lura cewa tun daga mako na biyu, da ta fito baranda sai hirar ta mutu. Ya hau gyaran murya yana juya shafi, ita kuwa Yaya Mero ta ja mayafi ta rufe baki kafaɗunta na rawa.

Ranar Asabar da safe ya fita da kansa ya sayo waina mai zafi da miyar taushe, irin wadda Balki ke so, abin da bai taɓa yi ba sai in an aike shi. Tun daga nan ta sha jinin jikinta. Bayan sun karya, Yaya Mero na gefe, ya buɗe littafin.

Waɗanda suka ce miji ne ya hana, in ji shi, uku ne. Shida sun ce yaro ya yi zazzaɓi bayan allurar sai suka tsorata. Amma goma sha tara, fiye da rabi, maganar Talata suka yi. Ranar ce kasuwar Kawo ke ci. Masu 'yar sana'a a gida, mai kayan miya da mai gwanjo da mai awon hatsi, ranar suke zuwa saro kaya, in suka rasa ta sun rasa mako. Wadda ba ta zuwa da kanta kuma, surukarta ko maƙwabciyar da za ta bar wa sauran yara ita ce ta tafi. Ga Keke Napep ranar duk sun karkata can.

Balki ta tafa hannu. Ta ce ita kanta ranar Talata take ba da saƙon tumatir da albasa daga Kawo, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa abin biyu ba. Talatar riga-kafin ma gadonta ta yi, tun kafin a kawo ta asibitin haka ake yi, ba wanda ya san wa ya tsayar da ita. Ta yi ta murna, har ta fara lissafa wanda za ta gani a ofis don a sauya ranar. Sai ta ga Malam Sanda bai rufe littafin ba. Ya ɗora yatsa a kan wani layi yana kallon bango. Ya ce akwai saura guda, mata goma sha biyar ne suka ambace shi, wasunsu har da Talatar suka haɗa. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

Yaya Mero ta gaji da jira.

"Balki, ke ce ta biyu. Mai farin tabarau suke ce miki."

Malam Sanda ya ƙi kunna muryoyin, don an yi wa matan alkawari. Yaya Mero ce ta kawo bayanin ba tare da suna ba. Wata ta ce ran da ta kai ɗanta allurar farko, a gabanta wata ta zo babu kati, Sista ta ɗaga murya ta ce da katin biki ne da yana ƙasan akwati a lulluɓe, duk layi aka yi dariya. Da nata katin ya jiƙe a wanki sai ta yi zamanta a gida. Wata kuma ta tsallake mako ɗaya saboda rasuwa, ta ji tsoron faɗa ta ƙara mako, daga nan kunya ta hana ta gaba ɗaya. In an matsa musu da tambaya a gida ko a hanya, maigida suke cewa, don shi ne ba a ja. Akwai ma wadda ta ce Sista na da hannu mai kyau, allurarta ba ta kumbura, sai dai bakinta ya fi allurar zafi.

Balki ta miƙe. Ta tattara kwanukan ta shiga kicin, aka jiyo tana wanke tukwanen da tun jiya a wanke suke.

Kwana biyu gidan ba daɗi. Ranar Lahadi da yamma ta same shi ta ce binciken nasa akwai gyara. Mata talatin da huɗu su ne unguwa? Kuma wa ya san abin da Yaya Mero ta sa musu a baki? Ta zata zai yi musu, sai ya ce tana da gaskiya a wani ɓangare. Adadin kaɗan ne, ba zai ɗauke shi ya yi maganar Kaduna gaba ɗaya ba, ko ma Kurmin Mashi gaba ɗaya. Amma ya saurari muryoyin, Yaya ta riƙe bakinta fiye da yadda ya zata, kuma mata goma sha biyar da ba layinsu ɗaya ba sun faɗi abu guda ba tare da an ambata musu shi ba. In ba ta gamsu ba, in ji shi, kada ta yarda da shi don yana mijinta. Ta nemi hanyar da za ta duba da kanta.

Ranar Litinin ta kira Nafisat ofis ta rufe ƙofa, ta tambaye ta tsakani da Allah ko tana yi wa mata faɗa. Nafisat ta ce haba Sista, ai gyara ne kike yi, faɗa kuma daga ina. Balki ta buɗe baki za ta ce alhamdulillahi, sai ta dubi kanta: ga ta a bayan tebur cikin fararen kaya, biro a hannu, ga wadda ke ƙarƙashinta a tsaye. Ta yi ɗan murmushin da ba ta shirya ba. Ta yago takarda ta miƙa mata. Ta ce gobe Talata, duk sanda ta ji muryarta ta wuce baranda ta kai gindin mangwaro, ta ja layi ɗaya. Kada ta nuna mata, kada ta yi mata alama, sai an tashi.

Washegari Balki ta shiga aiki da niyyar takardar nan za ta dawo fara. Awa ɗaya ta yi tana lallaɓawa. Daga nan layi ya yi tsawo, wani yaro ya kifar da ruwa, wata ta zo da katin babban ɗanta maimakon na jaririn, ta manta da wata takarda. Da aka sallami ta ƙarshe, Nafisat ta zo tana jan ƙafa ta ajiye takardar a kan tebur. Layi ashirin da uku ne, da wasu biyu a gefe an kewaye su.

"Waɗannan biyun fa?"

"Ni kika yi wa, Sista. Ban sani ba ko suna cikin lissafi."

Balki ta dubi takardar, ta dubi Nafisat, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta cire tabarau tana share ido. Nafisat da ta ga haka ita ma ta saki tata.

Da ta koma gida ta ajiye takardar a gaban Malam Sanda ba tare da bayani ba. Ya duba, ya gane, bai ce ai na gaya miki ba, kuma ta ji daɗin hakan. Ta zauna kusa da shi ta ba shi labarin da bai taɓa ji ba duk tsawon zamansu. Farkon aikinta, a wani asibitin ƙauye, an yi shekarar da ƙyanda ta shigo, a mako ɗaya ta ga an fita da gawar yara biyar, kuma dukansu allura ce ba a ƙarasa musu ba. Tun daga lokacin, in ta ga uwa ta yi wasa da kati sai ta ji wani abu ya taso mata, ba ta sanin sanda murya ke fita. Ita a ganinta tsoratar da su take yi don su dawo. Ya ce ya fahimta. Ya buɗe littafin ya nuna mata wani shafi da bai karanta mata ba ran Asabar: ko a cikin goma sha biyar ɗin, babu wadda ta ce ba ta iya aiki ba, kuma da yawa sun ce in yaro ba lafiya ita suke fatan su tarar.

Sauya ranar ya ɗauki wata guda, don sai da aka daidaita da masu kawo magani. Aka mayar da riga-kafi Alhamis. Balki ta roƙo ƙarin katuna ta ajiye a aljihun tebur, ta sa aka riƙa rubuta lambar wayar kowace uwa a rajista. Ta roƙi Yaya Mero ta riƙa faɗa a duk gidan da ta shiga cewa ko kati ya ɓata, ko an tsallake wata nawa, a zo kawai. Suka kuma yi yarjejeniya da Nafisat: da ta ji murya ta fara hawa, ta yi tari.

Malam Sanda bai so aka haɗa su duka a lokaci ɗaya ba. Ya roƙe ta ta sauya ranar kawai tukuna, a yi wata uku a gani, sannan ta gyara sauran, don a san wanne ne ya yi aiki. Ta ce wato ta ci gaba da yi wa mata tsawa har wata uku don littafinsa ya yi kyau? Jariran nan ba jira za su yi ba. Ya rufe littafin, ya ce ta yi yadda ta ga ya dace.

Makon farko Nafisat ta yi tari har wata tsohuwa a layi ta ba ta shawarar ta sha zuma da citta. A hankali tarin ya ragu. Alhamis ta uku wata yarinyar mace mai suna Rukayya ta zo da goyo, ta zauna can ƙarshen benci, duk wadda ta zo bayanta sai ta ce ta wuce. Sai da wurin ya watse ta taso ta tsaya a bakin ƙofa kanta a ƙasa. Yaron ya kai wata bakwai, allura ɗaya aka taɓa yi masa, kuma babu kati. Balki ta ji maganar ta taho har bakinta. Nafisat ma ta riga ta kai hannu baki. Balki ta haɗiye, ta ja kujera.

"Sannu da zuwa. Zauna. Yaya sunan babban mutum?"

Rukayya ta ce Dauda, da ƙyar ake jin muryarta. Aka nemo shi a rajista, aka rubuta sabon kati, aka yi allura, Balki ta yi mata bayanin cewa jikinsa na iya yin ɗumi kwana ɗaya, ta gaya mata abin da za ta yi da kuma alamar da in ta gani za ta dawo da shi. Rukayya ta ɗaura goyo ta kai bakin baranda, sai ta juyo ta ce akwai wata a gidansu, ita ma nata katin ya ɓata, ko ta taho da ita? Balki ta ce ta taho da ita, in akwai ta uku ma ta haɗo.

Bayan wata shida suka sake zama da rajista, ita da Malam Sanda. Waɗanda ba sa dawowa sun ragu daga kusan huɗu a cikin goma zuwa ƙasa da biyu. Labari ya kai ofishin lafiya, jami'in da ke kula da asibitocin unguwanni, Malam Shamsuddeen, ya ce ta yi wa taron wata bayani. Malam Sanda ya kai ta a motarsa, ya ce zai jira a waje don ba taronsa ba ne.

Ta yi bayanin hular da aka zuba lambobi, da zagayen Yaya Mero, da Talatar Kawo. Tana iya tsayawa a nan ba wanda zai sani, amma ta ci gaba ta faɗi na biyun, har da layi ashirin da uku da biyun da aka kewaye. Ɗakin ya ɗauki dariya, ko da yake ta lura akwai biyu ko uku a cikin takwarorinta da suka sunkuyar da kai suna wasa da biro. Malam Shamsuddeen ya tambaye ta, a cikin sauya rana da sauya mu'amala, wanne ya fi yin tasiri, don ya san abin da zai umarci sauran asibitoci.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," in ji ta. "Tare na yi su. Kuma kada a ɗauki Alhamis ɗinmu a kai wa kowa. Wata unguwar ba ruwanta da Kawo. Kowa ya aika a tambayi nasa matan, a gidajensu, kuma kada ya je da kansa."

Aka tsayar cewa asibitoci biyu za su fara gwadawa.

A mota ta ba Malam Sanda labari. Da ta zo wurin "ban sani ba" sai ya rage gudu ya ce ta maimaita masa yadda ta faɗa. Ta maimaita. Ya ce shekara talatin da biyu yana zuwa taro, bai fi sau uku ya ji wani ya faɗi haka a gaban shugabansa ba. Ya yi ta murmushi shi kaɗai har suka wuce kwanar gidansu, sai da ta taɓa shi ya juyo.

Suna shiga layin ta ce ita ma akwai tambayar da take so a bincika mata: me ke hana maza zuwa a auna musu hawan jini? Ya ce tambaya ce mai kyau, sai a zauna a tsara ta. Ta ce ba sai an wahalar da Yaya Mero ba, ga guda nan a kusa da ita wanda rabonsa da awo tun kafin ya bar aiki. Ya ce mutum ɗaya ai ba ya isa a yanke hukunci. Ta ce Litinin, ƙarfe takwas.

Ya je ranar Litinin, ya bi layi a gindin mangwaro tare da mutane. Nafisat ce ta auna shi. Jinin ya ɗan hau kaɗan, ba mai tayar da hankali ba, aka ce ya rage gishiri, ya riƙa taka ƙafa da safe, ya dawo bayan mako biyu a sake dubawa.